Sikirif ɗin waje a Next.js: ina zan ajiye shi, kuma yaushe zan bari ya shigo?

Tambayoyin nan su ne ake ta maimaita min tun da na fara duba wa yara ayyukansu na Next.js, wato tsarin gina shafukan intanet a kan React, na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shi ne na tattara su wuri guda. Yawancin maganar kan App Router ce, wato tsarin foldar app da ya zo da Next.js 13 a ƙarshen 2022, in akwai bambanci da tsohon tsarin pages zan faɗa.

Malam wai tukuna me ake nufi da sikirif ɗin waje?

Duk wani JavaScript da ba kai ka rubuta ba kuma ba daga sabarka yake fitowa ba, burauzar mai ziyara ce take zuwa gidan wasu ta ɗauko shi. Google Analytics, Meta Pixel, AdSense, akwatin biyan kuɗi na Paystack ko Flutterwave, da ɗan akwatin hiran nan da yake leƙowa ta ƙasan shafi yana tambaya ko akwai abin da zai taimaka maka da shi, duk su ne.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, da zarar ya shiga shafinka burauza ba ta bambanta shi da naka. Abin da kodinka zai iya shi ma zai iya, zai karanta abin da ake rubutawa a fom, zai leƙa localStorage, zai canza rubutun shafin in ya ga dama. Baƙo ne da ba a zaure ka tsayar da shi ba, ka wuce da shi har uwar ɗaka. Kuma ya bambanta da abin da ka sauke ta npm, wancan ka san sigar da ke hannunka, wannan kuwa mai shi zai iya canza shi da tsakar dare kana barci, gobe da safe wani abu daban ne ke gudana a shafinka ba ka sani ba.

To me ya sa ba zan manna shi a head kawai ba kamar yadda muke yi a HTML?

Za ka iya mana, sau da yawa ma zai yi aiki. Matsalar ita ce in ka sa tag ɗin script tsurarsa, burauza tana zuwa kansa za ta ja birki, ta daina karanta sauran shafin har sai ta sauke shi ta gudanar da shi. In sabar masu shi tana jan ƙafa ranar, ko netwok ɗin mai ziyara ya koma E, to farin allo zai yi ta kallo alhali naka kayan sun daɗe da isowa.

Shi ya sa aka yi async da defer. Da async ana sauke shi a gefe ana ci gaba da aiki, yana gama sauka sai a gudanar da shi nan take, ba ruwansa da layi. Da defer kuma ana sauke shi a gefe amma sai an gama karanta shafin duka sannan a gudanar, kuma bisa jerin da ka rubuta su. Shi Script na next/script, wato kamfonen da Next.js ya tanada don loda sikirif, wanda ya zo tun Next.js 11 a 2021, ya ƙara maka abu biyu ne a kan wannan: ka zaɓi lokacin shigowarsa ta saitin da ake kira strategy mai zaɓi huɗu, sannan ya tabbatar ba a loda shi sau biyu ba in mutum yana yawo tsakanin shafuka.

Waɗannan strategy ɗin guda huɗu fa, wanne zan ɗauka?

In ba ka rubuta komai ba afterInteractive za a ba ka, kuma shi ne daidai ga yawancin abubuwa irin su Analytics da Tag Manager (kayan Google da ake zuba sikirif a shafi ta cikinsa ba tare da taɓa kodi ba): yana shigowa da wuri amma bayan shafin ya fara farfaɗowa.

lazyOnload shi ne na marasa gaggawa, sai komai ya gama sauka burauza ta samu sararin numfashi sannan a kira shi. Akwatin hira da maɓallan soshiyal midiya nan ne wurinsu, ba wanda zai mutu don akwatin hira ya makara da daƙiƙa uku.

beforeInteractive kuwa shi ne wanda aka fi zalunta. Mutum sai ya ga sikirif ɗinsa bai yi aiki ba, bai tsaya ya gano dalili ba sai ya mayar da shi beforeInteractive ya ga ya yi, shi ke nan ya samu laƙani, daga ranar komai nan yake tura shi. An yi shi ne don 'yan abubuwa ƙalilan kamar masu gano bot da masu neman izinin kukis, kuma dole a babban layout.js na tushe za ka sa shi, ko a _document.js in tsarin pages kake. Ma'ana duk wanda ya buɗe kowane shafi sai ya ɗauki nauyinsa.

Na huɗun, worker, yana amfani da Partytown ne ya kwashe sikirif ɗin daga babban zaren burauza ya kai shi gefe. Dabara ce mai kyau amma ta gwaji ce, kuma a tsarin pages aka yi ta, ni dai ba na sa ta a aikin da aka biya ni.

A layout.js zan sa ko a page.js? Ni na saba zuba komai a layout na tushe in huta

Nan ne gizo ke saƙar, kuma wannan ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci a wurina.

Ka ɗauki foldar app kamar gida. layout.js na tushe shi ne ƙofar gida da zaure, duk wanda zai shiga ko'ina sai ya bi ta nan. Kowace folda kuma tana iya samun nata layout.js ɗin, kamar sashe-sashe a gidan gandu, sannan page.js shi ne ɗakin kansa. Abin da ka ajiye a zaure kowa sai ya yi tuntuɓe da shi. To me ya kawo sikirif ɗin biyan kuɗi zaure? Wanda ya zo karanta labarin kamfani kawai me ya haɗa shi da sauke kodin Paystack da datarsa? Shi wannan a page.js na biyan kuɗi ya kamata ya zauna, ko a layout.js na foldar biya in shafukan sun fi ɗaya. Taswira tana shafin adireshi. Analytics ne kaɗai yake da 'yar hujjar zama a tushe, shi ma akwai magana.

Haka kuma akasin wannan, akwai ɗakunan da bai kamata baƙo ya taka ba. A 2018 an saci bayanan katin kwastomomin Ticketmaster a Ingila ta hanyar sikirif ɗin akwatin hira na wani kamfani da suka ɗauko, wanda suka bari yana gudana har a shafin biyan kuɗi. Ɓarayin ba su fasa Ticketmaster ba, kamfanin akwatin hiran suka shiga suka gurɓata fayil ɗin. A Nuwamban 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci su tarar fam miliyan 1.25. Akwatin hira a shafin da ake rubuta lambar kati, don Allah hirar me za a yi a wurin?

Yadda nake tsara nawa: Next.js yana barin ka sa sunan folda a cikin baka biyu, kamar (talla) da (shago), sunan ba ya fitowa a adireshin shafi, amfaninsa kawai ka raba gida sashe-sashe kowanne da layout ɗinsa. Pixel, wato mai bin diddigin masu ziyara don talla, da akwatin hira suna sashen talla, sashen biya da na shiga akawun ba kowa sai wanda ya zama dole. Sai dai ka san wani abu, in mutum ya fara buɗe shafin talla sikirif ya riga ya gudana, sannan ya latsa Link, wato mahaɗar shafuka ta Next.js, ya wuce shafin biya, sikirif ɗin bai fita ba fa, yana nan a burauza tunda ba a sake loda shafin ba. In da gaske kake son katanga, sai ka ba kowane sashe nasa layout na tushe, wanda hakan ke tilasta cikakken lodi in an tsallaka daga wannan zuwa wancan, ko ka yi amfani da tag ɗin a na gargajiya a wannan mahaɗar.

Oga na sa Script ɗin amma ana ce min window is not defined, wani lokacin kuma PaystackPop is not defined

Ciwo biyu ne daban, kar ka haɗa musu magani.

Na farkon yana nufin kodinka ya gudana a saba, inda babu burauza balle window. A App Router duk kamfonen na saba ne sai in ka rubuta 'use client' a samansa, kuma ko ka rubuta ɗin ma ana fara zana shi a saba sau ɗaya. Don haka duk abin da zai taɓa window ka sa shi cikin useEffect ko cikin aikin da latsa maɓalli ke tayarwa.

Na biyun kuma gaggawa ce, ka kira baƙo da suna tun bai iso ba. A kwamfutarka da wayfai ɗin ofis fayil ɗin yana sauka kafin ƙiftawar ido shi ya sa ba ka taɓa gani ba, a wayar kwastoma kuwa ya riga ya latsa maɓallin tun fayil ɗin yana hanya. Maganin shi ne ka kulle maɓallin biya, ka buɗe shi a cikin onReady. Ka lura akwai onLoad akwai onReady: onLoad sau ɗaya tak yake tashi, lokacin da fayil ya gama sauka karon farko, shi kuwa onReady yana sake tashi duk lokacin da kamfonen ɗin ya dawo. In ka dogara da onLoad, mutum ya bar shafin ya dawo ta Link, maɓallinka zai zauna a kulle har abada. Ka sa onError ma, ko don ka ce wa mutum netwok ne ya sake gwadawa. Duk ukun sai a kamfonen mai 'use client' suke aiki.

Tunda an zo maganar biya, akwai wani abin da zan kiyaye?

Akwai. Paystack da kobo yake lissafi, naira 5,000 sai ka tura 500000, in ka tura 5000 ka sayar da kayanka naira 50. Makullin da ya fara da pk shi ne na fili, shi za ka iya sa wa NEXT_PUBLIC_ a gaba. Wanda ya fara da sk kuwa in ka kuskura ka sa masa NEXT_PUBLIC_ to ka manna shi a bangon kasuwa ke nan, domin duk abin da ke da wannan sunan ana cusa shi cikin kodin da ke zuwa burauza. Sannan kar ka saki kaya don kawai burauza ta ce an biya, wannan ko yaro mai DevTools zai iya ƙirƙira. Ka ɗauki reference ɗin ka tabbatar daga sabarka, ka duba adadin kuɗin ma ba nasarar kaɗai ba.

Analytics ɗina shafin farko kawai yake ƙirgawa, na abokina kuma sau bibbiyu yake ƙirgawa

Tushensu ɗaya. A Next.js in aka latsa Link ba a sake loda shafi, ciki kawai ake musanyawa, layout yana nan inda yake, don haka sikirif ɗin da ke jiran sabon lodi bai san an motsa ba. Google Analytics 4, wanda ya gaji tsohon da aka rufe a Yulin 2023, yana da saiti a ƙarƙashin Enhanced measurement da ke bin canjin tarihin burauza ya ƙirga da kansa. In a kashe yake, naka ke nan. In a kunne yake kuma ka bi wani tsohon darasi ka ƙara naka useEffect mai tura page_view, na abokinka ke nan. Zaɓi ɗaya. Wani lokacin kuma gtag ne aka sa a kodi sannan wani ya sake sa shi ta Tag Manager.

Kuma kar ka yanke hukunci da abin da ka gani a next dev, tun React 18 Strict Mode yana gudanar da useEffect sau biyu da gangan a yanayin next dev. Yi next build ka yi next start sannan ka ƙirga. In ba ka son wahala akwai @next/third-parties, yana da GoogleAnalytics da GoogleTagManager a shirye, lambar kawai za ka ba shi.

An ba ni kodi na manna da dangerouslySetInnerHTML, in na yi rifresh yana aiki, in na zo ta Link ba ya yi

Ƙa'idar burauza ce, tag ɗin script da aka cusa ta innerHTML ba a gudanar da shi. Da ka yi rifresh saba ce ta aiko shi cikin HTML na asali shi ya sa ya tashi, da ka zo ta Link kuwa React ne ya cusa shi, sai ya kwanta kamar gawa. Raba kodin gida biyu: div ɗin ka rubuta shi a JSX, sikirif ɗin ka ba Script. In kodin na cikin layi ne ba src ba, sai ka ba shi id, in ba haka ba Next.js ba zai iya bin sawunsa ba. Irin su X da Instagram kuma suna da aikin da ake kira don su sake duba shafi su zana abin da aka saka, na X shi ne twttr.widgets.load, kira shi a onReady.

In kuwa ka leƙa kodin ka ga document.write a ciki, koma wurin wanda ya ba ka ka ce ya ba ka sabo.

Shafina ya yi nauyi, ya zan gane wanne ne mai laifin?

Bari in ba ka labari. Akwai wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi da na yi wa shago, na gwada a kwamfutata komai garas, na miƙa aiki na karɓi cikon kuɗina. Bayan kamar wata biyu ta kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce ɗan nan abin naka fa ya lalace, mutane suna cewa in sun danna kaya ba ya shiga kwando. Na je shagon, ta miƙo min wayar yarinyar da ke tsare mata, wata tsohuwar Android mai fasasshen gilashi da roba ɗaure da murfin baya. Na buɗe, hotuna suka fito tsaf, na danna maɓalli shiru, na sake dannawa shiru, can sai ga kwando ya nuna guda uku lokaci ɗaya. Ashe ɗanta ne ya samu wani mai harkar talla, ni kuma da hannuna na ba su shiga Tag Manager, suka zuba pixel kala-kala da mai ɗaukar bidiyon motsin yatsa da akwatin hira mai tsalle. Shafin ya fito amma wayar tana can tana fama da kodin baƙi, ba ta da lokacin sauraron mai gida. Akwatin hiran ma da na tambaya ba wanda ya taɓa amsa saƙo ko ɗaya a cikinsa, duk cinikinta a WhatsApp take yi. Na cire shi na sa linkin wa.me kawai, wanda ba ya buƙatar JavaScript ko layi ɗaya.

Yadda za ka kama shi: buɗe DevTools na Chrome, a Performance ka rage ƙarfin CPU ninki 4 ko 6, a Network ka mayar da shi 3G, sannan ka danna dama kan kowane domen na waje ka toshe shi ɗaya bayan ɗaya kana sake gwadawa. Wanda ka toshe shafi ya yi sauƙi shi ne. Ma'aunin da Google ke kallo uku ne: LCP, lokacin fitowar abu mafi girma a shafi, kar ya wuce daƙiƙa 2.5, CLS, yawan tsallen shafi, kar ya wuce 0.1, sai INP kar ya wuce milisakan 200. Wannan INP ɗin da ya maye gurbin FID a Maris 2024 shi ne daidai ciwon Hajiya, tsawon jira tsakanin dannawa da amsawa. Amma duk da haka ka nemi waya mai araha ta gaske ka gwada da datar MTN ko Airtel, ba abin da ya kai wannan.

Bidiyon YouTube da tallace-tallace suna sa shafi yana tsalle

Ware musu fili tun kafin su iso, ka ba akwatin tsayi ko aspect-ratio a CSS. iframe da ke can ƙasa ka sa masa loading="lazy". YouTube kuma hoto kawai ka nuna da alamar kunnawa, sai an danna a loda ainihin bidiyon, YouTubeEmbed na @next/third-parties haka yake yi.

Kamfanin da na ɗauko nasu babba ne, ai ba abin da zai faru ko?

polyfill.io ma kowa ya yarda da shi, shekaru ana manna shi a darussa. A Fabrairun 2024 wani kamfani mai suna Funnull ya sayi domen ɗin, wanda ya ƙirƙiro aikin tun asali, Andrew Betts, ya fito ya ce kowa ya cire, mutane da yawa ba su ma ji ba. A Yunin shekarar aka gano yana tura masu waya zuwa shafukan caca, kuma shafuka sama da 100,000 ne ke ɗauke da shi. Masu shafukan ba su canza ko harafi ba.

Kariya biyu ce a hannunka. In fayil ɗin mai tsayayyar siga ne, sa masa integrity da crossorigin, wato hatimin abin da ke ciki, in an canza ko ɗigo burauza za ta ƙi shi. Ko ma ka sauke shi ta npm ka huta. Amma wannan ba ya yiwuwa da irin gtag.js da ake canzawa kullum, kuma Stripe ma cewa suka yi a ɗauko nasu kai tsaye daga js.stripe.com. A nan sai Content Security Policy, jerin domen ɗin da ka yarda a ɗauko kodi daga gare su. Fara da Report-Only, wanda rahoto kawai yake bayarwa ba ya toshewa, ka ga abin da zai karye tukuna. In za ka yi ta hanyar nonce a Next.js, wato lambar da ake sabuntawa a kowace buƙata a manna wa sikirif ɗin da ka yarda da shi, ka sani sai an riƙa zana shafin a kowace buƙata, ka rasa saurin shafukan da aka gina tun farko, don haka ba kyauta ba ce.

Dole ne sai na nemi izini kafin in loda masu bin diddigi?

In kana da masu ziyara daga Turai dokarsu ta kare bayanai, GDPR, da dokar kukis ɗinsu sun hau kanka, a Najeriya ma akwai dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023. Fassarar doka ta lauya ce, ni nawa ɓangaren shi ne in ka sa allon neman izini to ya zama na gaske, kar ka zana Script ɗin sam sai mutum ya amince. Na sha buɗe Network in ga pixel ya gama aika komai tun allon bai fito ba.

Ni Nuxt nake yi, wani SvelteKit, wani Astro, ya namu?

Sunaye ne suka canza. Nuxt yana da useHead da foldar layouts, SvelteKit yana da app.html na kowa da kowa da +layout.svelte na sashe da svelte:head na shafi ɗaya, Astro kuma in kana son ya bar maka sikirif yadda ka rubuta shi sai ka sa is:inline. React 19 ma da kansa yanzu in ka rubuta script mai async da src a cikin kamfonen zai kai shi head ya hana maimaici.

Na gaji aikin wani, na tarar da sikirif goma sha a layout, ba wanda ya san na mene ne. In goge?

Kar ka goge gaba ɗaya rana ɗaya, wani zai iya zama shi ke riƙe da ƙididdigar tallan da ake biya. Rubuta sunan kowane domen a takarda ka kai wa mai aikin, ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya, ranka ya daɗe wannan wa ke shiga ya duba shi, yaushe rabon da a buɗe? Wanda ba a ma san imel ɗin da aka buɗe akawun ɗinsa da shi ba cire shi yau. Wanda ake kokwanto ka kashe shi mako biyu ka ga ko wani zai kira. Sauran kuma ka kwashe su daga tushe ka kai kowanne sashensa, ka rubuta layi ɗaya a saman kowane Script: wa ya nema, don me, da watan da aka sa.